Sony A7 III ko Canon EOS R6: Wacce Ta Fi Dacewa da Mai Ɗaukar Hoton Biki?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a Kaduna, kuma yawancin aikina na biki ne, wato kamu da ɗaurin aure da dina, sai suna da walimar sauka jefi-jefi. Tun da na fara sana'ar nan Canon 6D nake riƙewa, kuma ina da lens uku: EF 24-105mm f/4L, da EF 50mm f/1.8, da EF 85mm f/1.8, sai filashin Godox da batir huɗu. Yanzu na ɗan tara kuɗi, ina son in koma kyamara marar madubi. An kawo mini guda biyu na hannu, Sony A7 III da Canon EOS R6. Ta Sony ta fi sauƙin kuɗi, kuma abokan aikina da yawa ita suke yabo. Wasu sun ce R6 tana ɗaukar zafi ta mutu a tsakiyar aiki, kuma megafiksel ɗinta bai kai na Sony ba. Ga shi masu biki yanzu suna neman gajeren bidiyo na sakawa a Instagram. Wacce zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sanya albarka a sana'a. Idan na fahimce ka da kyau, abubuwa uku ne suka tsaya maka a rai: bambancin kuɗin da ke tsakanin kyamarorin biyu, da maganar zafin da ake yi wa R6, da kuma tsoron kada ka biya kuɗi mai yawa ka samu hoton da bai kai na mai araha ba. Dukkansu damuwa ce mai tushe, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma tun da farko bari in faɗa maka inda na karkata, domin kada ka yi ta karatu kana jiran hukunci. Da ni ne a matsayinka, da kayan da ka lissafa da irin aikin da kake yi, R6 zan ɗauka. Akwai yanayi guda ɗaya da zai sa in sauya wannan shawara, shi ne idan dogon bidiyo zai zama babban ɓangaren aikinka, kuma zan yi bayaninsa a gurbinsa.

Abin da cire madubi ya canza

Kyamararka ta 6D, wadda Canon ya fitar a 2012, tana da madubi a bayan lens. Shi ne yake karkatar da haske zuwa tagar da kake leƙawa, sannan wani ɓangare na hasken ya tafi ga wata 'yar na'ura ta daban da ke ƙasan madubin, wadda ita ce mai aikin fokas. Wannan na'ura maki 11 kawai take da su a 6D, duk sun taru a tsakiyar hoto, kuma ka san na tsakiyar ne kaɗai abin dogaro idan haske ya yi ƙasa. Shi ya sa ka saba da sanya makin tsakiya a idon amarya, ka riƙe fokas, sannan ka karkata kyamara ka daidaita hoton. A f/4 wannan dabara tana tafiya lafiya, amma a f/1.8, inda ƙofar hasken lens ta fi buɗewa kuma wurin da ke fitowa da kaifi ya zama siriri, ɗan motsin nan ya isa ya ɗauke fokas daga ido ya mayar da shi kan kunne ko ɗankwali.

A kyamara marar madubi sensa, wato farantin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, ita ce da kanta take yin fokas, a daidai wurin da hoton zai sauka, saboda haka babu sauran saɓani tsakanin abin da na'urar fokas ta gani da abin da hoto ya nuna. Tagar leƙawar kuma ƙaramin sikirin ne da ke nuna maka hasken hoton da launinsa kafin ka danna. Ladan ke nan. La'adar kuwa ita ce sensa da sikirin suna aiki duk tsawon lokacin da kyamara take kunne, don haka batir ba ya jimawa kamar na DSLR, wato kyamara mai madubi irin 6D, jiki yana ɗumama, kuma ƙura ta fi samun hanyar isa ga sensa. Kyamarorin nan biyu sun sha bamban ne a yadda kowacce ta tunkari waɗannan matsaloli, kuma akwai tazarar shekara biyu tsakaninsu: A7 III ta fito a 2018 a kan dala 1,999, R6 kuma a 2020 a kan dala 2,499. Dukkansu masu babbar sensa ne kamar 6D, dukkansu suna da ramin kati biyu, kuma wannan kaɗai babban ci gaba ne gare ka, domin mai aikin biki da kati ɗaya yana cikin kasada kullum. Ɗaurin aure ba a maimaita shi.

Kayan da ke cikin jakarka

A nan ne nake ganin mafi yawan mutane suke yin kuskuren lissafi. Suna kwatanta kuɗin jikin kyamara da kuɗin jikin kyamara, su manta cewa jiki shi kaɗai ba ya ɗaukar hoto. Kai kana da lens uku na EF, kuma su ne ainihin jarinka.

A tsarin EF, wato tsarin haɗa lens na kyamarorin Canon masu madubi, tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa milimita 44 ce, saboda a bar wa madubi wurin motsi. A tsarin RF na R6 tazarar milimita 20 ce. Adaftar Canon mai suna EF-EOS R ba ta da gilashi ko ɗaya a cikinta. Zobe ne da ke cike gibin milimita 24 ɗin nan, yana kuma isar da saƙon lantarki tsakanin lens da kyamara. Tun da kamfani ɗaya ne ya ƙera duka ɓangarorin, lens ɗinka za su yi aiki a kan R6 ba tare da ka rasa komai na kaifin hoto ko saurin fokas ba. A aikina na ga abin da ya fi haka: tsohon 85mm f/1.8 da mutum ya riga ya yanke masa hukuncin cewa ba ya kama ido daidai, da aka ɗora shi a kan R6 sai ya koma kamar sabo, domin laifin tun asali na na'urar fokas ɗin DSLR ne. Ko 50mm ɗinka mai araha zai ba ka mamaki.

A ɓangaren Sony kuwa, ana iya ɗora lens na EF ta hanyar adafta irin Sigma MC-11 ko Metabones. Yana aiki, ban ce ba ya aiki ba, amma adaftar tana fassara yaren wani kamfani ne zuwa na wani, kuma ita MC-11 an yi ta ne domin lens na Sigma. Da rana a fili, ga mutum tsaye, ba za ka ga matsala ba. A cikin ɗakin taro mai duhu, ga ango da amarya suna tafiya, nan ne fokas yake fara kai da komo yana laluben fuska, a bidiyo kuma abin ya fi muni. Ƙarshen lamarin, wanda ya koma Sony da lens na Canon yakan sayar da su bayan 'yan watanni ya sayi na Sony, kuma duk mai sayar da kayan hannu ya san ba ya mayar da kuɗinsa.

Ba lens kaɗai ba ne. Batir ɗin 6D, wato LP-E6, yana shiga R6 ya yi aiki, kuma cajarka ta yanzu tana cajin sabon batir ɗin R6 mai suna LP-E6NH. Iyakar abin da za ka lura shi ne tsofaffin batir ba sa kai kyamarar ga cikakken saurinta na hoto 12 a daƙiƙa, kuma ba a cajin LP-E6 na asali a cikin jikin kyamara. Filashinka na Godox ma na Canon ne, zai hau kan R6 ya yi aiki kai tsaye. Idan ka koma Sony, sai ka sayi sabon filashi ko sabuwar na'urar tayar da filashi mai alamar S, ka sayi sababbin batir NP-FZ100 da caja. Ka ɗauki takarda ka tara waɗannan duka a kan kuɗin A7 III, sannan ka tara kuɗin adafta ɗaya da sabon batir ɗaya ko biyu a kan kuɗin R6. A mafi yawan lokuta ratar da ta ja hankalinka za ta ɓace, wani lokaci ma ta juya.

Adalci ya wajabta in faɗi inda Sony ta fi, domin abokan aikinka ba su yi ƙarya ba. Sony ya buɗe tsarinsa na haɗa lens, mai suna E, ga wasu kamfanoni tun da wuri, saboda haka akwai lens masu kyau da sauƙin kuɗi daga Tamron da Sigma da Samyang da Viltrox. Tamron 28-75mm f/2.8 shi kaɗai ya isa ya yi wa mutum biki daga farko har ƙarshe, kuma shi ne ya jawo masu biki da yawa zuwa A7 III. Canon kuwa ya daɗe yana riƙe da tsarin RF a hannunsa, kuma iznin da ya bai wa Sigma da Tamron a 2024 ya fara ne da lens na kyamarori masu ƙaramar sensa. Manyan lens na RF suna da tsada ƙwarai. Da a ce ba ka da komai a hannu, daga sifili za ka fara, wannan hujja za ta yi nauyi sosai har ta iya rinjayar da ni zuwa Sony. Amma kai kasuwar lens na EF na hannu a buɗe take gare ka, har da na Sigma da Tamron da aka yi domin EF, kuma farashinsu yana ta sauka tun da mutane suka fara barin DSLR.

Fokas a wurin kamu da ɗakin dina

A takarda, A7 III tana da makin fokas 693 da suka mamaye kusan kashi 93 cikin ɗari na hoto, kuma tana kama ido. Sabunta manhajarta da aka yi a 2019 ya ƙara inganta wannan. Idan ka fito daga maki 11, za ka ji kamar an sauke maka kaya. R6 kuwa fokas ɗinta ya mamaye kusan dukkan hoton, kuma tana gane ido, da fuska, da kai. Wannan na ƙarshen shi ne abin da nake so ka riƙe, domin bikinmu ba irin wanda aka gwada kyamarorin nan a kansa ba ne.

Ka tuna yadda wurin kamu yake. Amarya tana zaune an lulluɓe ta da mayafi, kanta a sunkuye, ƙawaye sun kewaye ta cikin anko iri ɗaya, dangin ango sun iso ana ciniki ana dariya, wata ta miƙo turare, wata ta gitta da waya a ɗage. Babu idon da kyamara za ta kama, wani lokaci babu fuska ma. A irin wannan hali A7 III, idan ta rasa ido da fuska, takan koma kan abin da ya fi kusa ko ya fi haske, kamar hannun da ya gitta ko fuskar ƙawar da ke gefe, sai ka koma tura makin fokas da babban yatsa. R6 sau da yawa takan riƙe kan amarya ko da ta juya baya, kuma da zarar an ɗage mayafin ta sauka a kan ido. Daƙiƙar da aka yaye mayafin nan, amarya ta ɗago ido cikin kunya, ita ce hoton da uwar amarya za ta sa a firam, kuma ba ta wuce ƙiftawa biyu.

Haka abin yake a dina lokacin liƙi, inda hannaye da kuɗi suke ta ratsawa tsakaninka da ma'aurata, ga hayaƙi, ga fitilu masu launin shuɗi da ja suna juyawa. Sony ya ce fokas ɗin A7 III yana aiki har zuwa ƙarancin haske na EV -3 (EV ma'aunin haske ne, ƙaramar lamba tana nufin ƙarin duhu) da lens f/2, Canon kuma ya ce na R6 yana kaiwa EV -6.5 da lens f/1.2. Ba a kan ma'auni ɗaya aka yi gwajin ba, amma ko an daidaita su R6 tana gaba, kuma abin da nake gani a ɗakin taro ya yi daidai da hakan. A bidiyo ratar ta fi fitowa fili, domin A7 III ba ta bin ido a bidiyo, fuska kawai take bi, R6 kuwa tana bin ido a duka biyun.

Tagar leƙawar R6 ta fi tsabta, ɗigo miliyan 3.69 a kan miliyan 2.36 na Sony. Sikirin ɗinta yana buɗewa gefe ya juya, wanda ke taimakawa idan ka ɗaga kyamara sama da cunkoson ɗaurin aure kana ɗaukar hoto a tsaye. Na A7 III sama da ƙasa kawai yake karkata. Sannan jerin saitin R6 irin wanda ka saba da shi ne, yatsunka za su gane hanya a ranar farko, alhali tsohon jerin saitin Sony yana buƙatar zama da haƙuri.

Megafiksel da launin fata

Wannan magana ba ta kai girman da ake ba ta ba. R6 tana da megafiksel 20.1, A7 III tana da 24.2, ita kuwa 6D da kake cin abinci da ita tana da 20.2. Idan babu wanda ya taɓa dawo maka da hoto don ya yi ƙaranci, babu wanda zai dawo maka da na R6. Faɗin hoton R6 fiksel 5,472 ne, na A7 III 6,000, bambancin kusan kashi goma cikin ɗari a faɗi. A wanki mafi inganci, na farkon zai ba ka kimanin inci 18 da 12, na biyun inci 20 da 13, kuma babban firam ɗin da ake rataye wa a falo daga nesa ake kallonsa, ana iya faɗaɗa shi fiye da haka ba tare da ido ya gane ba. Instagram da WhatsApp kuwa matse hoton suke yi ya koma ƙasa da rabin wannan. Wurin da ƙarin megafiksel yake amfani shi ne idan kana yawan yanke hoto bayan ɗauka, kamar hoton taron dangi da za a ciro mutum ɗaya daga ciki.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ango baƙi cikin farar shadda a tsakar rana a ƙofar masallaci. Idan ka bi fuska, shadda ta ƙone, aikin wuya ya ɓace; idan ka bi shadda, fuska ta yi duhu. Sensar A7 III ta yi suna wajen ba da damar ɗago duhu ba tare da hoto ya lalace ba, kuma a nan tana da ɗan fifiko. R6 ma tana yin wannan da kyau, ta kuma yi wa 6D nisa, muddin kana ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil da ba a tace ba, kuma da shotar inji mai labule, domin shotar lantarki tana rage zurfin bayanan hoton. Game da launi kuwa, ra'ayina ne, kuma wani zai iya saɓa mini: fatar mutanenmu ta fi fitowa da ɗumi da rai a JPEG ɗin Canon, ta A7 III kuma a ƙarƙashin fitilun ɗaki takan ɗan karkata zuwa kore ko rawaya sai an gyara. Mai tace RAW ba zai damu ba. Amma wanda amarya take jira ya tura mata hoto goma a daren dina kafin ta kwanta, wannan ya shafe shi.

Zafi da bidiyo

Maganar zafin R6 gaskiya ce, kuma Canon da kansa ya bayyana ta lokacin da kyamarar ta fito. Ya ce a ɗaki mai ɗumin maki 23 a ma'aunin Celsius, tana iya ɗaukar bidiyon 4K mai firam 60 a daƙiƙa na kimanin minti 30, mai firam 30 kuma na kimanin minti 40, kafin ta tsaya ta huce. Sabunta manhajar da aka yi daga baya ya rage lokacin jiran hucewa, amma bai kawar da matsalar ba. Ka lura da ma'aunin nan na maki 23. Kamfanonin biyu sun ce kyamarorinsu an yi su ne domin aiki tsakanin maki 0 zuwa 40, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin rana a garuruwan Arewa da dama yana taɓa 40 ko ya wuce, kuma baƙar kyamara a cikin rana ta fi iskar da ke kewaye da ita zafi. Saboda haka a bazara ka sa ran abin da za ka samu bai kai alƙaluman Canon ba.

Sai dai a san iyakar matsalar. Ba ta shafi ɗaukar hoto ba. Kana iya yini kana ɗaukar hoto da R6 ba ta tsaya ba, illa dai ɗumin da ta tara yana rage maka mintunan 4K idan ka juya zuwa bidiyo. A 1080p ma ban ga tana ba da wahala ba. Abin da ka ce ana nema a wurinka gajeren bidiyo ne na Instagram, wato guntaye na daƙiƙa goma zuwa ashirin: shigowar amarya, juyin lafaya, hannun lalle, yankan kek. Ga irin wannan R6 ta fi A7 III nesa ba kusa ba. Tana da 4K mai firam 50 ko 60 da za ka iya rage wa gudu ya tafi a hankali, abin da A7 III ba ta da shi a 4K. Tana ɗaukar launi mai zurfin bit 10, ta Sony kuwa bit 8. Na'urarta ta hana girgiza ta fi ƙarfi idan kana tafiya da kyamara a hannu. Ka dai sani cewa fayil ɗin bit 10 yana da nauyi a kan tsohuwar kwamfuta, don haka idan laftof ɗinka ta kwana biyu, ka tsaya a bit 8 har sai ka sauya ta.

Ga yanayin da na ce zai sauya shawarata. Idan kana da niyyar karɓar aikin ɗaukar taro gaba ɗayansa, kamar wa'azin walima, ko jawabai, ko dina daga buɗewa da addu'a har rufewa, kuma a 4K, da kyamara ɗaya, to A7 III ta fi haƙuri. Akwai saiti a cikinta da ke ɗaga matakin zafin da take kashe kanta, batir ɗinta yana jimawa, kuma tana shan wuta daga fawa-bank na yau da kullum tana cikin aiki, alhali R6 sai mai tsarin caji mai ƙarfi da ake kira PD. 4K ɗinta a firam 25 yana amfani da dukkan faɗin sensa kuma yana da kaifi ƙwarai. Duk da haka, kowacce daga cikinsu tana yanke ɗauka kafin minti 30 sai an sake dannawa, saboda haka babu wadda aka yi domin a kafa ta a bar ta.

Ko wacce ka ɗauka, ka mayar da tsarin bidiyonta zuwa PAL, wato tsarin da ke ba da firam 25 ko 50. Lantarkinmu yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka firam 25 ko 50 da shota 1/50 ko 1/100 su ne za su hana hoton yin walƙiya a ƙarƙashin fitila. A hoto kuma ka guji shotar lantarki marar ƙara a ɗakin da ke da fitilun LED, musamman idan janareta ne yake ba da wuta, domin takan zana ratsi-ratsi a kan fuska, kuma babu tacewar da ke cire su.

Batir da ƙura

A batir Sony ce a gaba ba tare da gardama ba. A ma'aunin CIPA, ƙungiyar kamfanonin kyamara, A7 III tana ba da hoto 710 a caji ɗaya idan da sikirin ake aiki, R6 kuma 510 a yanayin tattalin wuta, ƙasa da haka idan ana leƙawa ta taga. A aikin gaske kowacce tana wuce alƙalumanta, amma ratar tana nan. Ga wanda zai je biki a garin da wuta ba ta da tabbas wannan abin dubawa ne, sai dai batir huɗun da kake da su sun rage masa nauyi.

A ƙura kuwa R6 tana da wata dabara da nake ganin darajarta duk lokacin hunturu: idan ka kashe ta, labulen shota yana sauka ya rufe sensa. A7 III ba ta yin haka, da ka cire lens sensarta a buɗe take tana kallon iska. Wanda ya taɓa sauya lens a filin ɗaurin aure a watan Janairu, motoci suna tayar da ƙura, ya dawo gida ya tarar da ɗigo iri ɗaya a sararin samaniyar hoto ɗari, ya san abin da nake nufi. Ka bar adaftar a manne da kyamara kullum, ka kashe kyamara kafin ka sauya lens, ka sunkuyar da bakinta ƙasa, kuma kada yatsa ya taɓa labulen, domin siriri ne.

Kafin ka biya kuɗi

Duk abin da na faɗa ya ginu ne a kan cewa kyamarorin biyu lafiyarsu ɗaya. Lafiyayyar A7 III ta fi R6 da aka wahalar, kuma kai ne za ka riƙe su a hannu, don haka wannan ɓangaren hukuncin naka ne. Ka nemi adadin bugun shota. An ƙiyasta ta A7 III a kan bugu 200,000, ta R6 a kan 300,000, kuma kyamarar da ta fito daga hannun mai biki takan yi nisa a wannan lissafi ko da jikinta yana ƙyalli. Ka je da lens ɗinka da katinka da batir ɗinka. Ka ɗauki farin bango a f/16 ka duba ɗigo ko ƙarzuwa a sensa, ka rufe bakin lens ka ɗauki baƙin hoto ka duba ko akwai fiksel masu haske. Ka gwada ramukan kati biyun, da mazaunin filashi, da kowane maɓalli da kowace ƙafar juyawa, da ramin makirfo. Ka sa R6 ta ɗauki 4K na minti ashirin a nan cikin shagon ka ga lokacin da alamar zafi za ta bayyana, ka kuma duba ko an sabunta manhajarta. Batir da katin jabu sun yi yawa a kasuwa, saboda haka kada ka ɗauki kyautar da aka haɗa maka a matsayin abin da za ka dogara da shi ranar aiki.

Ban kawo farashi da naira ba, domin yana bin dala yana sauyawa, kuma abin da aka faɗa maka a wannan makon shi ne abin lissafi. Shawarata kuma ta mai aikin hoton biki ce wanda bidiyonsa gajere ne. Mai shirya fim ko mai ɗaukar dogon taro zai auna abubuwan nan da wani sikeli. Idan ragowar kuɗi ya samu bayan ka sayi R6, ka fara da adaftar Canon ta asali, da batir LP-E6NH guda ɗaya, da kati biyu masu sauri, ka saita kyamarar tana rubuta kowane hoto a katunan biyu lokaci guda. Kada ka sayar da 6D. Ka ɗora mata 24-105mm ta zauna a kafaɗarka a matsayin ta biyu, R6 kuma ta riƙe 85mm ko 50mm, ta haka ba sai ka riƙa sauya lens a cikin ƙura ba, kuma idan ɗaya ta ba da matsala a tsakiyar biki kana da abin ci gaba da aiki. Sannan ka ba sabuwar kyamarar mako ɗaya ko biyu kana gwada ta a gida da kan yara masu guje-guje, ka saba da yadda fokas ɗinta yake bin mutum, kafin ka kai ta aikin da aka biya ka.